Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani: a sanya sunaye a kabarin Mando

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Na rubuto ne kan gawawwaki 347 na waɗanda aka kashe a rikicin sojoji da mabiya Malam Ibrahim Zakzaky a Zariya, da gwamnatin Jihar Kaduna ta binne cikin rami guda a Mando, a watan Disamba na shekarar 2015. Sakataren gwamnatin jiha na lokacin, Balarabe Abbas Lawal, shi ya faɗi wannan adadi da bakinsa a watan Afrilun 2016, gaban kwamitin binciken shari'a da Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya jagoranta. An kwaso 191 daga barikin horas da ƙananan sojoji na Zariya, 156 kuma daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Da dare aka rufe su, ba tare da an kira uba ko uwa ko matar aure ta zo ta duba fuska ba.

Ni ba almajirin Malam Ibrahim Zakzaky ba ne. Ina cikin mutanen Zariya da suka daɗe suna ƙorafi da yadda Harkar da yake jagoranta ke tafiyar da al'amuranta. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya ya tarar an toshe titi saboda muzahara, ko ya bi hanyar Kano lokacin tattakin Arba'in ya ga an cinye hannu guda na titi, ya san abin da nake nufi. Mazauna Gyallesu sun yi shekaru suna kuka da 'yan Hurras, masu tsare mutum a ƙofar unguwarsu su tambaye shi inda za shi. Kwamitin Mai Shari'a Garba ya rubuta duk wannan, ya kuma ɗora wa jagorancin Harkar alhakin raina hukuma. Na yarda da shi. Ba daidai ba ne wata ƙungiya, kowace iri ce, ta kafa 'yan tsaronta su riƙa iko da titin da kowa ke da haƙƙi a kansa.

Amma mu koma ranar Asabar, 12 ga Disamba. Matasan Harkar sun tare ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, a titin Sakkwato kusa da Husainiyya Baƙiyyatullah, cibiyar Harkar. Sojoji da kansu sun fitar da bidiyo: ga hafsoshi suna roƙon a buɗe hanya, ga matasa da sanduna da adduna da duwatsu suna ƙin matsawa. Laifi ne, kuma laifi mai girma. Sojoji suka buɗe wuta, hanya ta buɗe, Janar ya wuce lafiya. Da a nan abin ya tsaya, da yau gardamar da ake yi ta minti talatin ce a bakin titi. Sai dai bayan hatsarin ya wuce ne aka koma aka kewaye Husainiyya, aka shiga Gyallesu gidan Malam, aka je Darur Rahma da ke hanyar Dambo, aka yi ta ɓarin wuta har ranar Litinin. Wannan kashi na biyu shiri ne da aka zauna aka yi, aka ba da umarni, aka tura dakaru da motoci. Shi ya sa yake buƙatar amsa.

Dalilin da aka bayar shi ne an yi yunƙurin kashe Babban Hafsa, kuma akwai makamai a waɗannan wurare. To, ranka ya daɗe, a duba lissafin da kwamitin gwamnati ya fitar: fararen hula 348, soja ɗaya, Kofur Yakubu Ɗankaduna, Allah ya jiƙansa. Ransa rai ne, kuma iyalinsa sun yi rashi. Amma wurin da aka tara bindigogi, aka yi kwana biyu ana gwabzawa a cikinsa, ba ya haifar da irin wannan lissafi. Kwamitin ya kammala da cewa ƙarfin da sojoji suka yi amfani da shi ya wuce kima, ya ba da shawarar a gano waɗanda suka yi kisan a gurfanar da su. Kuma hanyar da za a bi a tabbatar da zargin makamai, wato a killace wurin, a kira masu bincike su ɗauki hoto su ƙirga abin da aka samu, gwamnatin jiha ce ta toshe ta da kanta, domin cikin 'yan kwanaki aka kawo motocin rusau aka baje Husainiyya da gidan Gyallesu da makarantar Fudiyya.

Na san abin da ke zukatan mutane da yawa a lokacin, don ni ma na ji shi a majalisu da bakin masallatai: gara a kashe macijin tun yana ƙarami. Tsoron yana da tushe. Kano ba ta manta da 'Yan Awaki ba, inda aka bar Muhammadu Marwa Maitatsine ya mamaye unguwa har rikicin Disambar 1980 ya ci rayuka sama da 4,000. Maiduguri ba ta manta da Markas ɗin Muhammad Yusuf ba. Sai dai waɗannan misalai biyu suna da wata fuska da ba a cika son dubawa ba. An murƙushe 'Yan Awaki, almajiran suka watsu, wutar ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. An rusa Markas a Yulin 2009, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da ya ga alƙali ba, abin da ya biyo baya kuwa har yau Borno da Yobe suna binne mutane saboda shi. A watan da ya biyo bayan Markas, 'yan sanda sun shiga Darul Islam kusa da Mokwa a Jihar Neja, inda dubban mutane suka keɓe kansu. Sun bincike gidaje, ba su samu makamai ba, aka kwashe mutanen aka mai da su jihohinsu. Akwai abin cewa game da raba mutum da gonarsa da gidansa ba tare da hukuncin kotu ba, amma ba a haƙa ramin gawawwaki a Mokwa ba. Ashe ana iya shiga a bincika, mutane su fito da ransu.

Abin da ya faru bayan Zariya ya fi ba ni tsoro fiye da kwanakin ukun kansu. An gurfanar da mabiya Harkar sama da ɗari kan mutuwar soja guda, suka yi shekaru a kurkuku, kotunan Kaduna suka sallame su a 2018 da 2020. Ranar 2 ga Disambar 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ba da umarnin a saki Malam Zakzaky da matarsa Malama Zinatu cikin kwana 45, a biya su naira miliyan 50. Gwamnatin tarayya ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Sai 28 ga Yulin 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada ya wanke su daga duk tuhumar da jiha ta yi musu. Malam Zakzaky ya rasa 'ya'ya maza uku a waƙi'ar Disambar 2015, bayan ukun da aka kashe a muzaharar Ƙudus ta Yulin 2014. A ɗaya ɓangaren kuwa, babu soja ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali kan mutum 348. Yaron da ya taso a Tudun Wada ko Sabon Gari yana kallon wannan, me za mu gaya masa idan ya ce doka ta mai kaki ce?

Na san sojoji ba a ƙarƙashinka suke ba, kuma haramcin da kotun tarayya ta sanya wa Harkar a 2019 ba a ofishinka zai warware ba. Amma kabarin Mando a ƙasar jiharka yake, ma'aikatan jiha ne suka haƙa shi, takardun binnewar suna cikin ma'ajiyar gwamnatin da kake shugabanta. Ka wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa, Mando ba baƙon wuri ba ne a wurinka. Kafin siyasa ma, da fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam aka san ka, tun zamanin mulkin soja. Kuma mun ga abin da ka yi a Disambar 2023, da jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri: ka tsaya a kan maganar, rundunar soja ta amsa kuskurenta a bainar jama'a, aka je aka yi wa iyalai ta'aziyya. Sama ba ta faɗo ba don soja ya ce ya yi kuskure.

Roƙona shi ne ka kafa ƙaramin kwamiti da iyalai za su yarda da shi, har da lauyoyin Harkar, tunda sun ƙaurace wa na farko ne don an hana su ganin jagoransu. A karɓi sunayen waɗanda suka fita gida a waɗannan kwanaki ba su dawo ba, a gwada da bayanan asibiti da na bariki, a fitar da jerin a hukumance. Akwai matan da aka bar su tsakanin aure da takaba, akwai marayun da ba a raba musu gado ba don babu takardar shaidar mutuwa. A katange kabarin, a bar dangi su je su yi addu'a ba tare da an kore su ba. Sannan ka rubuta wa Babban Lauyan Tarayya da sunan jiha, ka tura masa rahoton Mai Shari'a Garba, ka nemi a aiwatar da shawarar gurfanarwa, ka kuma buga wasiƙar kowa ya gani.

Abu na ƙarshe ya shafi gobe. Jiharka cike take da tsangayu, da zawiyoyi, da coci-cocin da ke da sansanin addu'a a bayan gari, kuma ba za a rasa ranar da rahoton tsaro zai ce an ga makamai a ɗaya daga cikinsu ba. Kai ne shugaban majalisar tsaro ta jiha. Ka sa a rubuta ƙa'ida tun yanzu: 'yan sanda ne a gaba da takardar izinin bincike daga kotu, a ba mata da yara hanyar fita, a ɗauki bidiyon abin da aka samu, kada a rusa gini sai alƙali ya gani, kada a binne gawa sai an rubuta sunanta an nemi danginta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba jiharmu lafiya.

Wassalam,
Wani ɗan Zariya