Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

Ni ba masanin Fiziks ba ne, harshe na karanta. Amma na lura wasu malamai kan ɗora wa masu fara koyon fannin da ke amfani da ƙididdiga wajen bayyana halayyar ɗimbin ƙwayoyin zarra littafin Landau da Lifshitz, don kawai ya yi suna. A ganina wannan kuskure ne, domin ƙwararru aka rubuta wa shi. Shi kuwa Reif, a littafinsa na 1965, da tangaɗin mashayi ya soma bayani, Schroeder kuma da jefa kwabo sama. Ɗalibin da Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne kaya biyu yake ɗauke da su: harshe da lissafi. Don Allah malamai, a rage masa ɗaya.