Amurka: masaƙin da ke adana tarihin baƙar fata cikin zaren auduga

Ranar 27 ga watan Maris na 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni na tace abubuwan da ake nunawa a gidajen tarihi na Smithsonian, bisa zargin suna raba kan ƴan ƙasa ta fuskar launin fata. Bayan wata huɗu, mai zane Amy Sherald ta janye baje kolinta daga ɗaya daga cikin gidajen, sakamakon taƙaddama kan zanen wata da ta sauya jinsi. Tushen rigimar shi ne wa ke da ikon ba da labarin Amurka.

A irin wannan yanayi ne aikin Diedrick Brackens ya ƙara nauyi. Masaƙi ne baƙar fata, haifaffen garin Mexia na jihar Texas a 1989, kuma bai ɓoye cewa yana cikin masu neman jinsi ɗaya ba. Da hannu yake saƙa manyan ƙyallayen rataya a bango, masu ɗauke da siffofin mutane baƙaƙe, dabbobi da tarwaɗa. A 2018 gidan Studio Museum na Harlem ya ba shi kyautar Wein, a 2019 kuma New Museum na birnin New York ya nuna ayyukansa.

Da gangan ya zaɓi auduga, domin ita ce bayi suka noma a kudancin Amurka. Shi yake rina zarensa da kansa, yana haɗa salon saƙar Turai da na ƙyalle mai tsiri-tsiri irin kente na Gana, wanda ba baƙo ba ne ga masaƙanmu.

Wani aikinsa na 2018 ya tuno da abin da ya faru a tafkin Mexia ranar 19 ga Yuni, 1981, lokacin bikin tunawa da ƴanta bayi. Samari uku baƙar fata sun nutse bayan kwale-kwalen da jami'an tsaro suka ɗauko su a ciki ya kife, daga baya kotu ta wanke jami'an. Ya kuma taɓo batun cutar SIDA, bayan da hukumar lafiya ta CDC ta yi hasashe a 2016 cewa rabin maza baƙar fata masu neman maza za su iya kamuwa da ƙwayar cutar a rayuwarsu.

Ko mai karatu ya yarda da rayuwar Brackens ko bai yarda ba, aikinsa ya nuna iyakar ikon gwamnati: tana iya matsa wa gidajen tarihin da take ba kuɗi, amma hannunta ba ya kai ga masaƙar mutum. Sai dai akwai wani tarnaƙin. Irin waɗannan ƙyallaye a manyan birane ake baje su, masu hannu da shuni ke sayensu, kuma da wuya talakan Mexia, wanda labarin nasa ne, ya gan su da idonsa.