Dron ya shigo tsarabar ƴan ci-rani: a tashe shi ko a aje?

Ƴan uwa na gida da na ƙetare, tsarabar ƴan ci-rani ta sake kama. Da rediyo ce da bargo, daga baya salula da faifan sola. Yanzu mun fara jin labarin ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai farfela huɗu, wanda samari ke ce ma dron. Masu ɗaukar bidiyon biki a birnin Tawa sun san shi, kuma mu ma nan Affala ana tambayarmu a waya: in ɗan uwa ya aiko shi daga Abijan ko Aljeriya, a tashe shi ko a aje?

Mu dai ba mu raina abin ba. Ɗan ƙasar nan ne, Abdoul Aziz Kountché, ya koya ma kansa haɗa irin waɗannan jirage har ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A 2016 hukumar HCR ta yi aiki da jirgin da ya haɗa wajen zana taswirar sansanonin ƴan gudun hijira na Sayam Forage da Kabelawa a jihar Diffa. Ku duba Adar kuma: ƙoramu na cin gonaki kowace damina, ga fakon da ake farfaɗowa da tassa da rabin wata. Hoto ɗaya daga sama zai nuna inda ruwa ke yankowa, abin da mutum zai yini yana yawo bai gama gani ba.

Sai dai jirgin ba a yi shi don ƙasarmu ba. Batirinsa na litiyom bai son zafi, mu kuwa a watan huɗu da na biyar zafi na wuce digiri 40. In an bar shi cikin rana ko ɗakin kwano sai ya kumbura, kuma batir in ya kumbura kada a sake caza shi, yana iya kamawa da wuta. Ƙurar hunturu ma na shiga cikin moto ta manne ma maganaɗisu, sai ka ji ƙara ta sake, jirgi na rawa. Farfela biyu na juyawa dama, biyu hagu. In aka musanya su wajen ɗauri, kafin ya bar ƙasa ya kife. Mai daidaita kamfas ɗinsa kuma ya nisanci ƙarfe da wayoyin lantarki, in ba haka ba jirgin zai riƙa kewaya a sama kamar shirwa ta hangi ɗan tsako. Duk wannan, yaron da ya iya walda cikin salula a bakin kasuwa zai iya koyonsa. Matsalar kayan canji ce, don farfela ɗaya in ta karye sai a jira mai zuwa daga Yamai ko Kano.

Amma babbar maganar ta tsaro ce. Tun 2017 Tiliya da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. A Mali da Burkina ƴan ta'adda sun koma amfani da irin wannan dron na kasuwa wajen leƙen asiri da sakin bam. Sojan da ke bakin shinge, in ya ji ƙugi bisa kansa, ba ya da lokacin tambaya ko na biki ne. Wa zai ga laifinsa?

Shi ya sa muke ce ma ƴan ci-rani: kafin ku zuba jikkuna, ku tambaya. Sha'anin jiragen sama na hannun hukumar ANAC, kuma a nan gida kada yaro ya tashi komi sai da sanin mahukuntan komin da jandarma. Kusa da bariki, ayarin soja ko filin jirgin Tawa kuwa, ko da wasa a'a. Haka leƙa gidajen mutane daga sama, inda mata ke zaune cikin sirrinsu.

Su ma mahukunta muna da roƙo gare su. Hani kaɗai zai sa masu jirgin su ɓoye shi, su tashe shi a ɓoye, abin da ya fi haɗari. A fito a faɗa da Hausa, a rediyo, wace takarda ake nema, a wane biro, kuma nawa ne. Ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take ga duk jami'in da zai zo ya yi wannan bayani.