Na'ura na ƙirga bugun zuciya, amma ba ta san abin da ke cikinta ba

Yau da masu talla muke, waɗanda duk abin da ya haɗa lantarki da jikin mutum sai su ce muna "na'ura mai karanta zuciya" ce. Wanga zance ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai haɗari.

Mu ɗauki aikin Rafael Lozano-Hemmer, mai fasaha ɗan Meksiko mazaunin Kanada. A 2006 ya haɗa wani ɗaki mai suna Pulse Room: ampul masu yawa rataye a sama, ga ƙarfe a ƙasa da mutum zai riƙe da hannu biyu. Na'ura ta ɗauki bugun zuciyarka, ampul ta farko ta shiga kyaftawa daidai da shi. In wani ya zo bayanka, naka bugun ya matsa gaba, har a ƙarshe ya fice daga layi. An nuna shi a baje kolin Venis na 2007. Aiki ne mai kyau, babu musu. Amma mi ya auna? Bugun zuciya, shi ke nan.

Ku tambayi kowane lokotoro. Zuciyar babban mutum in yana hutawa tana buga 60 zuwa 100 a minti. In jiki ya saki adrenalin sai ta ƙara gudu, shi kuwa adrenalin ba ruwansa da dalili. Wanda ya ga maciji, da wanda aka ce ya ci BAC, duk zuciyarsu gudu take. Ta yaya ampul za ta raba su?

Wani zai ce ai labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar wanda ka sani ake nufi, ba wadda kamara ta ɗauka ba. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun bi diddigin binciken da aka yi kan yanayin fuska, suka nuna ba abin dogaro ba ne wajen gane abin da mutum ke ji. Mu da muka tashi cikin kunya da kawaici ai ba sai an faɗa muna ba. Sau nawa mutum ke murmushi gaban surukinsa, cikinsa na tafasa?

Ga inda haɗarin yake. Akwai kamfanonin da ke sayar da manhajoji, wai suna gane ma'aikacin da ya fusata ko ɗan lakwal ɗin da hankalinsa ya tafi. Tun Fabrairu 2025 Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsu a wurin aiki da makarantu, sai don lafiya ko kare rai. Kayan da aka kora daga can kuwa, mun san irin kasuwar da ake kai su.

Darajar wanga fasaha tana wani wuri daban. A Nuwamba 2019 Lozano-Hemmer ya kafa tashoshi biyu a iyakar Amurka da Meksiko, ɗaya a El Paso, ɗaya a Ciudad Juárez. Ka ɗora hannu a nan, ka ji bugun zuciyar wani baƙo a ƙetare. Na'urar ba ta ce maka murna yake ko baƙin ciki ba. Ta dai shaida maka akwai mai rai irinka a can. A lokacin iyakar Najeriya na rufe tun Agusta, saboda haka mutanen Maradi masu dangi a Jibiya da Katsina ba sai an fassara musu wanga aiki ba.

Don haka ranar da aka zo da irin wagga na'ura a lakwal ɗin ɗiyanku ko wurin aikinku, ku tsaya ku yi tambaya. Mi take aunawa? Wa ke ajiye bayanan? Wa za a kora in ta yi kuskure? In mai kayan ya shiga kame-kame, ku ce ya kwashe abinsa.

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya bar mu tare.