Idan Kotun Jiha Na Zama, Ta Tarayya Ta Dakata

Mu mutanen Daura ba ma kallon rikicin sarautar Kano a matsayin 'yan kallo, domin tarihin da muka gada ya ce Bagauda jikan Bayajida ne. Bayan zumunci kuma akwai fargaba. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, tana ƙarƙashin dokar Jihar Katsina ne, kamar yadda ta Kano take ƙarƙashin dokar jiharta. Gobarar da ta kama gemun ɗan'uwa ba ta da nisa da namu.

Mai karatu zai tuna cewa a ranar 23 ga Mayu, 2024, Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga. Nan take Babbar Kotun Tarayya, a ƙarar da Aminu Babba Ɗan'agundi ya shigar, ta ce a bar al'amura yadda suke. Cikin 'yan kwanaki Babbar Kotun Jiha ta hana Aminu Ado Bayero kiran kansa sarki, wani alƙalin tarayya kuma ya ce a fitar da Sanusi daga fada. Sai da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi bayani. Sarki a Gidan Rumfa, sarki a Nassarawa, kowa da takardar kotu a hannu, 'yan sanda kuma suka hana hawan sallah.

A matsayina na malamin harshe, kalmomin nan na "yadda suke" sun daɗe suna ci mini tuwo a ƙwarya. Yadda suke a wane lokaci? Kafin sa hannun gwamna ko bayansa? Na sha gaya wa ɗalibaina cewa jimlar da kowane ɓangare zai karanta ya yi murna ba ta yanke komai ba.

Abin takaici shi ne, ba sabon abu ba ne. A 1986 gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur, a 1989 kuma Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraron ƙarar, tunda tushenta sarauta ce, ko da an lulluɓe ta da rigar haƙƙin ɗan'adam. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana hurumin wannan kotu, babu naɗin sarki a ciki. Wannan hanyar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi a Janairun 2025, bayan an shafe fiye da wata bakwai ana ja-in-ja, kafin a garzaya Kotun Ƙoli.

Amurka, wadda muka kwaikwayi tsarinta, ta yi wa matsalar linzami tuntuni. A shari'ar Younger da Harris ta 1971 Kotun Ƙolinta ta hana kotunan tarayya tsoma baki cikin shari'ar laifi da ke gudana a kotun jiha, a 1976 kuma ta yarda kotun tarayya ta jingine ƙara a wasu lokuta na musamman idan irinta tana gaban kotun jiha.

Ban wanke kotun jiha ba. A Kano ta tarayya aka fara zuwa, kuma da alƙaliyar jiha ta yi haƙuri da ƙurar ba ta kai haka ba. Wasu abokaina lauyoyi ma suna cewa gwamna ya fi iya tanƙwara alƙalin jiharsa, shi ya sa mai ƙara ke gudu tarayya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai maganin wannan ɗaukaka ƙara ne, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta gwamna ba ce.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa da ta wajabta wa duk alƙalin tarayya da aka kawo wa ƙarar sarauta ya fara warware batun hurumi kafin ya ba da kowane irin umarni, ya kuma dakatar da zama muddin maganar tana gaban kotun jiha. Lauyan da ya ɓoye wa alƙali cewa akwai irin ƙararsa a wata kotu, a miƙa sunansa ga kwamitin ladabtar da lauyoyi.