Me Ya Sa Maganar Hukuma Ke Komawa Ƙasa?

Ɗalibin da ya nemi labarin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta hanyar Google, sau da yawa da shafukan masu neman kuɗin talla yake fara cin karo, waɗanda ke kwafo tsohon bayani su sauya masa shekara. Haka kuma malamin gona a Bakura ko Maradun da ke bukatar bayani a kan Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, zai sha labarin rikicin manoma na 1980 kafin ya kai ga abin da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta faɗa da bakinta.

Kada jama'a su ɗauka maƙarƙashiya ce. Na'urar bincike ba ta san hatimin gwamnati ba. Tun da aka kafa Google a 1998, babban ma'auninsa shi ne yawan shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, tare da dacewar kalmomi da abin da mai tambaya ya rubuta, daga baya aka ƙara da sabuntar bayani, da saurin buɗewa a wayar hannu. Mai neman kuɗin talla ya san wannan sarai, don da shi yake cin abinci. Kullum yana gyara shafinsa, yana zuba ainihin kalmomin da ɗalibai ke nema.

To, mu fa? A yawancin ofisoshinmu, a liƙa sanarwa a allo, ko a ɗauki hoton takarda a saka a Facebook, shi ke nan an sauke nauyi. Hoto kuwa na'ura ba ta karanta shi kamar rubutu. Wani shafin hukuma sai ya shekara ba a taɓa shi ba, na Hausa ma ba a maganarsa. Mai ɗaukar asarar shi ne uban da ya sayar da buhun shinkafa ya tura kuɗin fom asusun ɗan damfara.

Ya kamata kowace ma'aikata da ƙaramar hukuma ta riƙe adireshinta na gov.ng, makarantu kuma edu.ng, a naɗa jami'i ɗaya da za a tuhuma in shafin ya kwana. Kowace sanarwa a buga ta da rubutu, da kwanan wata, da Hausa da Turanci, a ranar da aka sa mata hannu.