Kada Ka Share Sunan Kakarka

Kai da ka koyi karatu da rubutu, ga aiki yana jiranka. Ɗauki alƙalami. Rubuta sunan ubanka, da na kakanka, da na wanda ya haifi kakanka. Ka yi haka wajen uwa ma. Amma ka rubuta gaskiya.

Ƙarya ta yi yawa a zancen asali. A Maraɗi, duk wanda ka tambaya jikan Ɗan Kasawa ne. A Tibiri, kowa jinin Bawa Jan Gwarzo ne. To, in kowa ɗan sarki ne, wa ya noma geron da sarki ya ci? Wa ya ƙera mashin da aka kai yaƙi?

Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Sarakunanta suka gudo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa sun kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ba dajin banza suka tarar ba. Anna suna nan bakin gulbi da gonakinsu. Sarakunan kuma ba su zo su kaɗai ba. Akwai maƙera, da mahauta, da wanzamai, da makaɗa, da bayi. Buzaye suka zo da raƙuma da gishiri, Fulani suka zo da shanu. Aka yi ta aure, aka yi ta haihuwa. Jinin nan duka yana jikinmu.

A ƙasashen Turai akwai wasu mutane da ake kira Roma. Kakanninsu sun taso daga Indiya, shekara wajen 1,000 ke nan. Sun yi ta yawo gari gari, suna ƙira, suna kiɗa, suna cinikin dawaki. An raina su ƙwarai. A ƙasar Romaniya bayi ne har 1856. Lokacin yaƙin Hitila an kashe dubbai ɗaruruwa daga cikinsu. Waɗansu suka canza suna, suka ɓoye asali don su tsira. Yau jikokinsu suna tone tsofaffin takardu, suna biɗar kakar da aka ɓoye. Su tsoron mutuwa ya sa su ɓuya. Mu fa, me ya kore mu?

Kunya ce kawai, kuma kunyar tana ɓarna. Yaro yana da lambu a Jiratawa, yana da hankali, yana salla. Ya nemi ɗiyarka. Sai wani ya raɗa maka cewa kakarsa baiwa ce, ko kakansa mahauci ne. Ka fasa auren. Ka tabbata in an tona naka gidan ba za a iske irin wannan ba? Tun 2003 dokar Nijar ta ce bautar da mutum babban laifi ne. Amma har yanzu bakinmu yana ɗaure mutane da igiyar da doka ta kwance.

Kada ka biɗi asalinka wajen maroƙi. Kuɗinka yake so, zai haɗa ka da sarkin da ka ga dama. Je wurin tsohuwar gidanku, lokacin da ba kowa. Tambaye ta: wane gari muka taso? Wace sana'a muka gada? Zanen fuskar kakana na waɗanne mutane ne? In ta yi shiru a kan wani suna, ka sake komawa gobe da goro. In ta ce Buzuwa ce, rubuta Buzuwa. In ta ce sayo ta aka yi, rubuta sunanta da garin da aka kamo ta.